Ƙwan da Na Sa wa Jirgin Jamus

Ni ce na sa wa jirgin nan ƙwai. Baba bai taɓa cewa yana ƙwai ba, bai ce yana atishawa ba, bai ce yana da wuya irin na raƙumi ba. Duk ni na ƙara masa, a bakin rijiyar Dakoro, don mata su yi dariya su manta cewa na tsallake su a layi. Shekarata goma sha shida yanzu, ina rubuta wannan a bayan kayena, littafin rubutuna na lakwal, makarantar Nasara, kuma zan yi ƙoƙari in faɗi abin yadda ya faru, ko da yake Inna ta ce ko gaisuwa na yi sai na ɗaura mata wutsiya.

An ɗauki Baba soja ina ƴar tatata. Rana ɗaya aka tafi da shi da mijin Gwaggo, ƙanwarsa, wadda wata biyar kacal ke nan da kai ta ɗaki a Kornaka. Faransa ta kwashe su ta kai su yaƙinta, yaƙin ya fi ƙarfinta, Jamusawa suka kama su tun ba su gama koyon ɗaura takalmi ba. Bayan shekara bakwai Baba ya dawo shi kaɗai, da jar dara, da babbar rigar soja, da cokali ɗaya, da tari. Ya rame har in ya juya gefe sai a neme shi a rasa.

Ko hutawa bai yi ba. Washegari ya kama hanyar Kornaka a ƙasa, ya kwana a hanya, ya je ya durƙusa gaban uwar mijin Gwaggo ya ce mata ɗanta ya rasu.

Tsohuwar ta ce, "Ka ga gawa?"

Ya ce, "Da hannuna na jawo shi, Inna. Ni na wanke shi."

Amma takarda ta riga shi zuwa. Wani gardi, ɗan sandan Nasara, ya kawo ta daga bariki tun shekarun baya, tafinta ya karanta masu, ya ce Nasara sun rubuta cewa ɗanta ya ɓata. Ba su ce ya mutu ba. Tsohuwar ta ɗauko takardar daga cikin ƙwarya ta kaɗa wa Baba a fuska.

"Akuyata ta ɓata wata biyu, ta dawo da ɗa. Ɓatacce dawowa yakai. Kai dai ka baro shi can ka gudo."

Shi ke nan. Ba a yi zaman makoki ba, ba a yi sadaka ba, Gwaggo ba ta shiga takaba ba. Ta ci gaba da zama a gidan, matar mutumin da ba ya nan. Ita ke daka, ita ke zuwa rijiya, ita ke cika tulun ɗakinsa kullum safiya don tsohuwar ta ce kada ya iso da ƙishirwa ya tarar da shi babu ruwa.

Baba ba ya ba manya labarin yaƙi. Ni ce na matsa masa. Ina binsa gona, ina binsa garke, ina tambaya har kunnensa ya yi zafi, sai wata la'asar a gindin aduwar bayan gidanmu ya share ƙasa da tafin hannu ya ja zane da tsinke.

Ya ce Jamusawa ba su kai su ƙasarsu ba. A Faransa suka tsare su, a wani gari na bakin teku, ruwan da ba ya da bakin can. Aikinsu ɗaukar siminti. Sun gina wani gida mai rufin da kaurinsa ya fi mutum uku in sun hau kafaɗar juna, don kada bam ɗin jirgin sama ya huda shi. A cikin gidan akwai ɗakuna a jere kamar turakun dawaki, kowanne da ruwa a ƙasansa. Abin da ake ɗaurewa a ciki sunansa sumaran, jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin ruwa.

Ya tashi ya auna mani tsawonsa da ƙafa, daga ƙofar gidanmu har garken maƙwabcinmu, taku casa'in da wani abu. Amma cikinsa matsattse ne, mutum biyu ba sa wuce juna sai sun yi gefe. Fata biyu gare shi. Ta ciki ƙarfe ne mai kauri, doguwa kamar tano, gangar mai, a nan mutane suke. Ta waje siririya ce. Tsakaninsu akwai wasu cikkuna da babu kowa, na ruwa ne. In ana son ya nutse sai a buɗe su su sha ruwa, ya yi nauyi ya tafi ƙasa. In ana son ya taso sai a hura masu iskar da aka matse a cikin tulunan ƙarfe, ta kori ruwan.

Na ce ban yarda ba. Bai yi fushi ba. Ya samo gora ya huda gindinta, ya ɗaura mata dutse, ya soka ƴar sarewar makiyaya a bakinta ya liƙe da ƙaro. Muka je kwamin da shanu ke shan ruwa. Ya toshe sarewar da yatsa, gora ta tsaya a sama. Ya ɗaga yatsa, ta yi ta shan ruwa ta nutse. Ya sunkuya ya hura, ta taso tana kumfa. Na yi ihu har shanu suka watse. Ranar ce na fara ganin haƙoran Baba.

Kullum la'asar sai ya ƙara mani wani abu. Inji iri biyu gare shi: a saman ruwa mai shan man gazuwal, mai ruri, a ƙasa kuma batura ne jere a ƙarƙashin daɓen, don wuta tana cinye iskar da mutane ke shaƙa. Yana da ido guda, dogon tiyo mai madubi, ana tura shi sama ya leƙa a janye shi. Mutum wajen hamsin ke ciki, gado bai ishe su ba, wani na tashi wani na kwanciya a kan ɗumin ɗan'uwansa. Sau biyu aka sa Baba ya shiga kwasar shara da mai gadi a bayansa, ya ce warin ciki ya fi na majema, kuma har makewayi ɗaya sun cika da abinci don babu wurin ajiya. Harsashinsa ya fi mutum uku tsawo, yana da injinsa da wutsiyarsa, in an sake shi da kansa yake iyo har ya sami cikin babban jirgi ya fasa.

Ya ce da farko in za su fita har da kiɗa da furanni, samari fes-fes. Su dawo bayan wata biyu da gemu, fatarsu kamar ta ƙadangaren da ya kwana cikin tulu, sun rataya ƴan tutoci, kowace tuta jirgi guda da suka nutsar da mutanensa. Daga baya kiɗan ya ragu. Sai a fita biyar a dawo biyu. Ɗakunan da suka sha wuyar ginawa suka riƙa zama babu kowa, ruwa kawai.

Na ce, "Kun ji daɗi ke nan."

Ya ce, "Mun ji. Amma yara ne, ɗiya. Wasu gemun ma bai san hanyar fitowa ba."

Labarin mijin Gwaggo sau ɗaya ya ba ni. In an fito da jirgin kan tudu don gyara, sai an kankare tsatsar cikkunan ruwan nan an shafe su da wani baƙin fenti mai wari. Ƙofarsu ƴar ƙarama ce, sai ƙaramin mutum. Mijin Gwaggo gajere ne siriri, kuma a gida yasar rijiya ce sana'arsa, ya saba da igiya a ƙugu. Suka yi yadda ake yi a rijiya: shi a ciki, Baba riƙe da igiya, ja ɗaya lafiya, ja biyu fito da ni. Ranar an daɗe, igiya ta yi shiru. Baba ya fara ja. Mai gadi ya ce aiki bai ƙare ba, ya sa masa gindin bindiga a haƙarƙari, nan ya samo tarin da yake yi har yau. Bai saki ba. Ya jawo shi ta ƙafa, warin fentin ya riga ya kashe shi. Su bakwai suka yi masa salla a bayan kason da aka tsare su, Musulmi daga ƙasashe daban-daban, babu mai jin Hausa ko ɗaya in ban da Baba, kuma bayan yaƙi kowa ya kama gabansa.

Na yi kuka ranar, kukan gaske. Bayan mako guda kuma na tafi rijiya na mai da jirgin abin wasa. Haka nake, ban san yadda zan gyara maganar ta yi kyau ba.

Wanda bai san rijiyarmu ba, zurfinta ya kai in ka saki guga da hantsi sai ka yi azahar kafin ka ji ya taɓa ruwa. Takarkari ke jan igiya, yana tafiya har ya kusa shiga wata ƙasa kafin guga ya fito. Ga raƙuman Bugaje, ga shanun Fulani, ga mu mata da tuluna a can ƙarshe, kowa fuska a ɗaure. Ran nan na gaji, na lulluɓa zane a kaina, na durƙusa, na tura muciya sama ta cikin zanen ina juya ta hagu da dama.

"Ku kauce, kifin Jamus ya zo shan ruwa!"

Na yi gurnanin injin. Na yi ƙwat-ƙwat ɗin shan ruwa. Da na zo wurin hura iska sai na ga bayanin Baba ya yi tsawo, na mai da shi atishawa, wata irin atishawa mai hawa uku wadda ta sa wata tsohuwa ta saki tulunta. Harsashi mai iyo da kansa ya zama ƙwai: kifin ya tsuguna ya yi nishi ya saki ƙwai, ƙwan ya bi jirgin Ingilishi da gudu yana kiran babansa. Tiyon leƙe ya zama wuyan raƙumi mai ido ɗaya. Mata suka riƙe ciki. Aka cika mani tulu ban yi layi ba.

Washegari suka ce in sake. Na sake, na ƙara cewa siminti ake ba shi ya ci, kuma Baba ne mai tatsarsa kullum safe. Mutuwar mijin Gwaggo kaɗai ban taɓa sawa cikin wasan ba, kuma na daɗe ina yaba wa kaina a kan haka, kamar wani abin kirki na yi.

Makiyaya suka ɗauki labarin suka yi arewa da shi. Ya je Azagor ya yi kiwo ya dawo da ƙiba: wai Baba ya auri ɗiyar kifin, wai tarinsa ƙaya ce ta maƙale masa. Ranar kasuwa in ya ratsa wurin dabbobi sai ka ji wani dillali ya yi atishawa mai hawa uku a bayansa. Aka sa masa mai kifi. Yara na tambayarsa ko ya zo da ƙwai.

Sau ɗaya ya yi mani magana. Muna gindin aduwa ya ce, "Ba haka na gaya maki ba."

Na ce, "Baba, naka ba ya ba da dariya."

Ya dube ni, ya sa ƙafa ya share zanen da ya fara. Ni kuwa na ɗauka na ci gardama.

Shekarar da na cika goma sha huɗu Gwaggo ta zo Dakoro ganin gida. Na ji su da Baba a tsakar gida da rana, ina tankaɗe ina kasa kunne. Akwai wani mai fataucin gishiri da kanwa, matarsa ta rasu, mutum mai sanyin hali, ya yi wa Baba magana a asirce cewa in Gwaggo ta fita takaba yana so. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana cika tulun wanda ba zai sha ba.

Ta ce, "Yaya, ka kai ni gaban alƙali. Na ba tsohuwa haƙuri har haƙurin ya tsufa. Ina son in goya ɗa kafin bayana ya manta yadda ake yi."

Muka tafi Kornaka mu uku, ni ce mai riƙe gorar ruwa. Da hantsi aka zauna a zauren alƙali, maza a ciki, mu mata a bakin ƙofa jikin zana. Tsohuwar ba ta zo ba, ta aiko babban ɗanta, wan mijin Gwaggo, wani dogo mai murya kamar ana jan turmi a kan tsakuwa.

Alƙalin dattijo ne mai magana a hankali. Ya ce matar wanda aka kama a yaƙi tana nan matarsa har sai mutuwarsa ta tabbata, kuma shaidu biyu ake so. Amma tunda na biyu ba ya ƙasar nan, zai buɗe ƙofa ɗaya: zai karɓi bakin mutum guda da rantsuwa, in dai babu wanda ya tashi ya kawo aibi a kan gaskiyarsa. Ya juya ga Baba.

"A ina ya rasu?"

"Allah gafarta Malam, cikin jirgin Jamus, wanda ke tahiya ƙarƙashin ruwa."

"Cikinsa ina?"

Dole ya yi bayani. Ya share ƙasar zauren ya ja zanen nan da na sani, fata biyu da cikkuna a tsakani. Ya zo daidai inda jirgin ke shan ruwa ya nutse, sai wani a baya ya yi tari irin na mai danne dariya.

Wan mijin Gwaggo ya gyara zama. "Allah gafarta Malam, a tambaye shi ƙwan."

Zauren ya ɗauki dariya. Baba ya ce, "Ba ya ƙwai."

"Af! Bara shina yi, bana ya daina? To tatsar fa? An ce kai ka tatsa tai da safe. Mutumin da ya ce ya tatsi kifin ƙarfe, shi za ya kashe mani ƙane da baki?"

"Ban taɓa faɗin haka ba."

"Daga gidanka munka ji. Duk ƙasar ga, daga nan har Azagor, wa bai ji ba? Ga ɗiyatai can, a kira ta."

Aka kira ni. Na shiga na durƙusa, na rantse a zuciyata yau ko murmushi ba zan yi ba. Matsalar ita ce fuskata. Allah ya yi ni da irin fuskar da ko gaisuwar mutuwa na je sai an kau da kai. Tun kafin in buɗe baki kafaɗun mutane sun fara rawa don dariya.

Alƙali ya ce, "Ɗiyata, ƙwan nan, wa ya faɗe shi?"

"Ni na ƙaga shi, Allah gafarta Malam."

"Wuyan raƙumi?"

"Ni ce."

"Tatsa?"

"Ni ce. Baba bai sani ba ma."

"To ido guda da ke leƙowa daga cikin ruwa?"

"Wannan gaskiya ne."

"Harsashin da ke iyo da kansa?"

"Gaskiya ne."

"Mutum hamsin a ƙarƙashin ruwa, suna ci suna barci?"

"Gaskiya ne, wallahi."

"Atishawa?"

"Ita... rabi da rabi. Yana hura iska ya kori ruwa, ni na sa mata ƙara."

Ya shafa gemu. Ba da mugunta ya yi tambayar da ta biyo ba, shi ya sa har yau take ci na. Ya ce, "Ɗiyata, wanda kika ce ƙarya ne da wanda kika ce gaskiya ne, ni a kunnena duk tsawonsu ɗaya. Da mi zan raba su?"

Na ce a kawo gora da kwami in nuna. Na ɗaga hannu ina kwatanta yadda take nutsewa, ban ankara ba ashe hannuwana sun saba, sun koma yin abin da suke yi a rijiya. A daidai lokacin wani yaro a waje ya saki atishawar nan mai hawa uku, ya yi ta fiye da ni. Zauren ya kife. Har alƙali sai da ya ja rawani ya rufe baki. Na waiga, Baba na kallon zanensa a ƙasa, wani ya riga ya taka rabinsa. Gwaggo a bakin ƙofa ta ja mayafi ta rufe fuska.

Da aka natsu alƙali ya ce bai kira Baba maƙaryaci ba. Amma an kawo aibi gaban jama'a, kuma ba zai kwance aure da bakin mutum ɗaya wanda ake jayayya a kansa ba. A kawo shaida na biyu, ko Nasara su sake takardarsu.

A hanyar komawa babu wanda ya zage ni. Na so a zage ni. Na so Baba ya karyo reshen aduwa da ƙayarsa ya bi ni har Dakoro. Sai dai in ya gaji ya miƙo hannu in ba shi gora, ya sha, ya maido mani.

Baba ya kakkaɓe jar dara da babbar riga ya tafi bariki. Yini biyu yana tsaye a rana kafin kwamanda ya sa a shigo da shi. Da tafinta ya juya maganar, kwamanda ya yi dariya ya ce sumaran ai ko yaron goye a Faransa ya san shi, mene ne abin gardama? Baba ya ƙame ya sara masa ya ce to a rubuta, layi biyu kawai, a kai wa alƙali, a kuma gyara kalmar nan ta ɓata. Kwamanda ya ce takardar da aka yi a Faransa a Faransa ake gyara ta, zai aika. Shekara bakwai ya ba su, da haƙarƙari biyu, layi biyu ya gagara. Da zai fita, tafinta ya biyo shi har bakin ƙofa ya yi ƙasa da murya ya ce, "Tsakani da Allah, ƙwan nan, girmansa ya kai tulu?"

Damina biyu ta wuce, babu amsa. Mai gishiri ya jira ɗaya, a ta biyu ya yi aure a wani gari. Ban ga laifinsa ba.

Ni an sa ni lakwal ne don ɗiyar tsohon soja ce, su ake fara rubutawa. Bana ina share teburin mushe, malamin ajinmu, na buɗe wani ƙaton littafinsa mai zane-zane, ina neman hoton giwa, sai ga jirgin. An tsaga shi biyu daga kai har wutsiya don a ga ciki. Fata biyu. Batura a ƙarƙashin daɓe. Tiyon leƙe. Dogayen harsasai kwance a gaba. Kamar wanda ya zana shi ya zauna gindin aduwarmu ya kwafa. Na sa littafin cikin zane na fita da shi kamar mai ciwon ciki. Dukan da na sha daga baya ya isa a raba wa aji uku, amma wannan ba shi ne labarin ba.

Na fara kai wa Baba. Ya duba sau ɗaya ya ce, "Nasu ne wannan, na Faransa. Na Jamus ya fi shi siriri." Ya miƙo mani ya ci gaba da gyaran igiyarsa. Tun ranar zauren nan bai sake ja mani zane ba. Gorar da ya huda, Inna ta toshe ta tana zuba irin kuɓewa.

Na bi masu jakunan kasuwa har Kornaka. Alƙali ya karɓi littafin da hannu biyu, ya matso bakin ƙofa inda haske yake, ya daɗe yana kallo. Ya sa na nuna masa komai.

Ya ce, "Ashe akwai shi. Ki ce wa babanki in ji ni, ya yafe mani dariyar da na yi."

Na ce, "To Gwaggo fa, Allah gafarta Malam?"

"Zane ya nuna jirgi, ɗiyata, bai nuna mamaci ba. Ƙofar mutum ɗaya na buɗe, an rufe ta gaban jama'a. In dangin mijin sun janye maganarsu, gobe ma sai ta shiga takaba. Na aika masu sau biyu. Sun ce uwarsu na jiran ɗanta."

Na wuce gidan. Na tarar da Gwaggo a bayan ɗaki tana daka, ita kaɗai, da turmi biyu a gabanta. Ta ga littafin ta jingine taɓarya ta goge hannu a zane. Muka tsuguna a inuwar rumbu na buɗe mata.

Ta ce, "Ina ne ya shiga?"

Na nuna mata ɗan siririn wurin da ke tsakanin fatun biyu. Ta ɗora yatsa a kai, yatsan ya rufe shi duka.

"Nan? Ko juyawa ba ya iya yi."

"Baba ya ce da rarrafe ake shiga."

"Shi da ko cikin rijiya sai ya yi waƙa." Ta bar yatsan a wurin har gari ya ɓata takardar. Daga cikin ɗaki tsohuwar ta ɗaga murya tana tambaya ko an cika tulun ɗanta. Gwaggo ta ce an cika, Inna.

Na fara cewa ta yafe mani. Ta katse ni.

"Ke, yi mani abin nan."

"Wane abu, Gwaggo?"

"Kifin. Kowa a ƙasar ga ya gani, har surukata an kwatanta mata ta yi dariya. Ni kaɗai ban taɓa gani daga farko ba. Ina son in ga abin da ya fi maganar yayana daɗi."

Na ce ba zan iya ba. Ta cire mayafinta ta miƙo mani, ta ɗauko muciya ta sa mani a hannu. Na lulluɓa. Na durƙusa a tsakar gidan mijin Gwaggo, na tura muciya sama na juya ta hagu da dama. Na yi gurnani, na yi shan ruwa, na yi nishi na saki ƙwai, na yi atishawar har hawa uku, ban rage komai ba don ta ce kada in rage. A cikin mayafin babu iska, sai warin gero da guminta.

Da na yaye, tana tsaye riƙe da taɓarya tana kallona.

Ta ce, "Ashe wannan ne." Ta karɓi mayafinta ta ɗaura. "Tashi ki kama ɗaya turmin, rana na yi."